Gaisuwar da Ta Cinye Mini Tsakure

Ko zan manta da komai na shekarun wahalar nan, ban da ranar da na tura wa manyan masana ƙwaƙwalwa gaisuwa zalla a madadin bincikena. Har yau in na tuna sai dariya ta zo mini, kafin ta ƙare kuma idona ya cika.

Lokacin ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Batsari, ina haɗawa da karatun digiri na biyu. Shekarun da 'yan bindiga suka hana ƙauyuka sakat ke nan. Mutanen wajen Wagini da Karare suka yi ta kwararowa cikin gari, a cikinsu akwai masu farfaɗiya da suka gudo ba su ɗauko ko ƙwaya ɗaya ta magani ba. Wanda ya shekara bai faɗi ba sai ga shi yana faɗuwa a bakin rijiya, wata a gaban murhu. A kan wannan na yi bincikena. Da na ji za a yi taron masana ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma ana karɓar tsakure, wato gajeren bayanin abin da mutum ya bincika da abin da ya gano, sai na ce wallahi ko da rarrafe sai maganar mutanen nan ta isa can.

Ba ni kaɗai na yi aikin ba. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon malamin Turanci da ya ƙare aikinsa a Safana, Baba Malam muke ce masa. A wajenmu ciwon nan ɓoye shi ake yi, kina tambaya a ce lafiya lau. Shi ne ya fara fitowa fili ya ce 'yarsa ta fari da shi take fama, kuma shi ya riƙa shiga gaba yana yi mini sallama gida gida. Saboda haka da na rubuta tsakurena, shi na kai wa ya gyara mini Turancin.

Ya gyara zaman tabarau ya karanta, ya ɗago ya dube ni kamar na yi wa wani rashin kunya a bainar jama'a.

“'Yar nan, haka za ki faɗa wa farfesoshi ba ko sallama? Wa ya rene ki?”

Na ce, “Baba, su ba a gaishe su a irin wannan takarda.”

“Babu babban da ba a gaishe shi. Kawo biro.”

Ya zauna ya tsara gaisuwa irin ta wasiƙar da, da Turanci mai nauyi. Ya gaida shugaban taro, ya gaida 'yan kwamiti da iyalansu, ya nemi afuwar katse musu ayyuka, ya yi godiya ga hakimi da masu unguwanni. Ni da bakina ba ya shiru, ranar kunya ta rufe shi. Na buga shi a waya yadda ya rubuta.

To a lokacin an katse layin waya a yankinmu gaba ɗaya. Mai son sabis sai ya shiga mota ya nufi hanyar Katsina, zuwa wani tudu da ake tsintar sa sama-sama, kuma dole ya juyo kafin la'asar don hanya ba ta da tabbas. Ana gobe rufe karɓa na je. Tudun cike da mutane, kowa ya ɗaga waya sama. Da ƙyar shafin ya buɗe. Na liƙa rubutuna a gurbin da aka tanada, direba yana ta danna oda, na tura, saƙon shaidar karɓa ya shigo, na ruga na shiga mota ina hamdala.

Sai da muka yi nisa, sabis ya ɗauke, sannan na buɗe saƙon don in more karanta aikina. Inna lillahi! Ashe gurbin kalma ɗari biyu da hamsin kawai yake ɗauka, abin da ya haura ya yanke. Gaisuwar Baba tana nan cif, ko wasali bai faɗi ba. Gabatarwa ta shiga. Daidai inda na ce ga abin da muka gano, nan rubutun ya tsaya. Na ji kamar in ce direba ya tsaya in sauka in koma da ƙafa.

Ban ko shiga gida ba na zarce zaurensa, raina a ɓace, na shirya maganganu masu zafi. Na miƙa masa wayar na ce, “Baba, ga gaisuwarka ta isa lafiya. Marasa lafiyar ne ba su samu shiga ba.”

Ya karanta har ƙarshe, ya sake komawa farko. Daga cikin gida ina jin motsin 'yar tasa tana tankaɗe, da tabon ƙuna a hannunta na faɗuwar da ta yi kwanakin baya. Sannan ya jawo takardar da ya rubuta da hannunsa, ya ɗora biro a kan layin farko ya ja, ya ja na biyu, har ya soke gaisuwar duka.

“Laifina ne,” in ji shi. “Ki fara da cewa magani ya yanke musu. In wuri ya rage, ki ce suna faɗuwa a wuta.”

Duk zafin da na zo da shi ya bi iska. Ni na san ƙa'idar, ni ya kamata in duba kafin in tura, amma ga dattijo yana ɗaukar laifin a kansa. Kunya ta kama ni sosai.

Washegari, ranar ƙarshe, ya ce ƙafarsa ƙafata. Na yi magiya ya zauna saboda hanya, ya ce shi ya ɓata, shi zai raka a gyara. A kan tudun rana ta hana ni ganin fuskar wayar, sai ya ware hannun babbar rigarsa ya yi mini inuwa, yana tsaye yana haki, ina ƙirga kalmomi da baki. Allah ya taimaka shafin ya yarda a sauya rubutu tunda ba a rufe ba. Wannan karon sai da na karanta masa shaidar har kalmar ƙarshe kafin muka sauko.

Bayan makonni amsa ta zo, an karɓa. Ranar da zan tafi taron ya rako ni tasha, ya sunkuyo ta tagar mota ya ce a hankali, “In kin samu sarari, ki gaishe su.”

Na kuwa gaishe su. Duk wanda ya tsaya gaban fostata, wato babbar takardar da na kafa bincikena a kai, sai na ce wani dattijo a Batsari yana gaishe shi, sannan in shiga bayani. Wata likita ta tambaye ni ko wane ne, na ba ta labari, kuma ta hannunta aka haɗa mu da masu taimakon da suka riƙa turo wa asibitinmu maganin. 'Yar Baba tana cikin waɗanda suka fara karɓa.

Abin da na koya shi ne, in an ba ka ɗan wurin magana a madadin mutane, ciwonsu za ka sa a gaba, kuma kada ka tashi sai ka tabbatar ya shiga. Girmamawa ba ta ɓacewa don ta jira. Baba ya rasu yanzu, Allah ya jiƙansa. Takardar nan da ya soke tana cikin akwatina, kuma har yau ana iya karanta gaisuwar a ƙarƙashin layukan biron.