Hantar da na ɗauko daga kwata

A shekarar ƙarshe ta jami'a, waɗanda makinsu ya kai ne kawai ake bari su shiga kwasa-kwasan onas, inda kowa zai yi binciken kansa. Na shiga, kuma na yi ta ɗaga kai a unguwarmu ta Agege kamar ni na gina jami'ar. Malamin da ke duba aikina, wani dattijo mai ƙarancin fara'a, da ya ji babana mahauci ne sai ya ce shi ke nan, bincikena a kan tsutsar hantar shanu zai kasance. Sharaɗinsa ɗaya: hanta ɗanya, yankan ranar, ba wadda ta kwana ba.

Saboda haka duk safiyar da nake da gwaji sai na biya kwata. Baba ya ware min hantar da tsutsa ta ɓata, wadda ba mai saye, in zuba a kula da ƙanƙara in hau danfo, motar haya.

Lokacin sojoji ba su daɗe da sauka ba, gari kuwa ba lafiya. Yau a ce an yi faɗa tsakanin Hausawa da Yarabawa a wata kasuwa, gobe a ce an kama wani da sassan jikin mutum an rataya masa taya an cinna wuta. Samari 'yan banga sun cika hanyoyi, su ne alƙalai, su ne masu hukunci.

Wata safiya suka tare motarmu. Suka ce kowa ya sauko da kayansa. Ni kaɗai ce mai hijabi. Wani mai jan ƙyalle a ka ya buɗe kular, ya ga hanta yanka-yanka cikin leda, kowace da lamba a jiki, ga safar hannu ga 'yar wuƙar fiɗa. Ya ja da baya ya ƙwala ihu.

Kafin in buɗe baki an kewaye ni. Yarabanci a bakina yake tun ina rarrafe, amma ranar nan sai da na nemo shi. Na ce hantar saniya ce, aikin makaranta ne. Na miƙa katin jami'a, babu wanda ya kalla. Wata mata a baya tana ta cewa haka suke yi, haka suke yi. Na ga wani yana gangaro taya daga wurin mai faci. Tsoro irin wannan ban taɓa ji ba, har fitsari ya kusa kuɓuce min.

Babbansu ya zo, mutum mai sanyin murya, wanda ya fi masu ihun ban tsoro. Ya daɗe yana kallon kular, sannan ya ce da Yarabanci, "Kin ce ta saniya ce?"

Na ce, "E, oga."

"To ci."

Wata da watanni ina tsaga hantocin nan. Na san abin da ke kwance a cikin jijiyoyinsu, na san yadda yake motsi idan an taɓa shi, na zana shi har na gaji. Na zaɓi ledar da ta fi kyan gani, na ce bismillahi, na gatsa. Sanyi, ƙarni, da wani ɗaci-ɗaci. Na tauna ina kallon tayar. Ya ce in ƙara, na ƙara, na haɗiye.

Sai wani ya fashe da dariya, saura suka bi. Aka ce mu shiga mota. Matar da ke cewa haka muke yi, ashe kusa da ni kujerarta take. Ta miƙo min ruwan leda ba tare da ta dube ni ba, ni kuma na karɓa.

Na isa ɗakin gwaji a makare. Malamin ya buɗe ledojin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga wadda ke da shatin haƙora, ya ɓata rai.

"Wane irin sakaci ne wannan? Ɓera kika bari ya ci samfur?"

Na ce, "A'a, Malam. Ni ce."