Kwana Biyu Ina Saka wa Mota Roba

Ni ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma taɓa buɗe baki ya roƙe ni komai ba. In yana da magana da ni, sai ya bi ta bakin ƙanwata.

A daminar da nake ba da labari, ina zaune a Kaura, shi yana Dauran. Ina da tsohuwar a-kori-kura mai jan taya huɗu, wadda nake ɗauko hatsi da ita daga ƙauyuka zuwa kasuwar Shinkafi. Fendojinta na gaba, wato ƙarfen da ke rufe saman taya, duk sun rube. Na sayo sababbi a kasuwa, ba na kamfaninta ba, sun fi na da faɗi. Da aka ɗaura su sai tsohuwar robar ciki, wadda ke tare laka kada ta shiga wayoyin inji, ta ƙi zama. Babu hujin da ya dace da ɗan'uwansa.

Muna kan wannan a gareji ƙanwata ta kira ni.

"Yaya, Baba ya ce in hanya ta yi kyau ka taho da mota."

"Mi as same shi?"

"Zazzaɓi na. Ya ce da sauƙi."

Mai gyaran nawa mutumin kudu ne, ya daɗe a Kaura har bakinsa ya koma namu, kuma ya ji abin da muka ce.

"Alhaji, bari in ɗaure ma ita da waya ka tahi yanzu. In ka dawo mu yi mai kyau."

Na harare shi. Ni mutum ne mai tsirfa, matata ma tana cewa ko tabarma aka shimfiɗa a karkace sai na tashi na gyara. Na ce motata ba za ta bi titi da waya tana reto kamar keken mai itace ba. Sai ya ɗauko kwali.

Da kwalin ya auna cikin fenda, ya yanko sabuwar roba daga shuɗin duro, ya gasa ta a kan garwashi har ta yi laushi, ya lanƙwasa ta. Gefen hagu ya zauna daidai. Na dama yana gogar taya in an karya kan mota, na sa ya kwance ya sake. Haka muka cinye Talata da Laraba. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne na ji daɗin kwanakin nan. Ina tsugune ina miƙa masa noti, ina yabon aikinsa. Tashar Zurmi, inda ake shiga motar Dauran, tana nan kusa, motoci na lodi a kan idona, ban shiga ba. Shekara arba'in da sanin halin mahaifina, amma ban tsaya na tambayi kaina abin da ya kai shi ga neman mota ba. Asibiti yake so a kawo shi, kunya ta hana shi faɗa.

Ranar Alhamis da hantsi na isa Dauran. Tun daga nesa na hango tabarmi a ƙofar gida, da mutane suna dawowa daga maƙabarta, ƙafafunsu duk jar laka. An yi ta kirana ina hanya, babu sabis.

Ƙanwata ta tare ni a zaure, idanunta sun kumbura. Ba ta zarge ni ba, da ma ta yi.

"Jiya sau ukku yas sa anka tashe shi zaune," in ji ta. "Duk motad da taw wuce sai ya ce a ba shi hulatai."