Wayar Mushe Isufu ce ke zuwa kasuwa

Jiya a tashar Tanout na tare Mushe Isufu, malamin lakwal, wato makarantar boko, a wani ƙauye bayan Tenhya. Mushe muke ce wa malami namiji a nan. Tare muke karatun jami'a daga nesa, ni aka ɗora wa tura sanarwa a gurup ɗinmu na WhatsApp.

Sau uku ina tura masa ranar rufe karɓar aiki. Alamar an karanta ta yi shuɗi, shi shiru, har ranar ta wuce.

Na ce, "Mushe, ka gani fa, ka ƙi amsawa."

Ya ce, "Malama, wayar ce ta gani, ba ni ba. Garinmu babu rezo, waya ba ta kamawa. Ranar kasuwa nake ba direba ita, in ya iso nan ya buɗe saƙonni su sauka. Sai ya komo nake karantawa, amsata kuma sai wata kasuwar."

Na riga na gaya wa malaminmu cewa Mushe ba ya da himma. Yau na sake rubuta wa malamin namu, na roƙa a ƙara wa Mushe kwana goma. Bai amsa ba tukuna, amma alamar ta yi shuɗi.

Ku da ke tura sanarwa, kun san hannun da ke buɗe ta?