Bu Rusmiati, Wadda Ta Ƙi Sa Hannu

Pak Darmansyah ya san kwal ɗin nan zai fasa tanda, kuma ya bari aka tafi da shi. Na kama sunansa domin ina wurin.

Amma ba don shi na ɗauki alƙalami ba. Bu Rusmiati ce (a nan "Bu" kamar Malama ce, "Pak" kamar Malam) ta ajiye aiki makon jiya, bayan shekara talatin da ɗaya a ɗakin gwajin kwal na kamfaninmu da ke bakin kogin Barito, kuma ko kaza ba a yanka mata ba.

Kullum ƙarfe bakwai tana kan kujerarta. Ta niƙa kwal ya zama gari, ta raba biyu. Rabi ta gasa a ɗan kasko ta ga iya kumburinsa, domin kwal mai yawan kumburi yana tsaga bangon tandar da ake gasa shi don masu narka ƙarfe. Rabi ta zuba a siririyar kwalba, ta jiƙa da wani ruwan magani mai warin ruɓaɓɓen kifi, washegari ta auna tashinsa da rula. Ruwan nan ya kashe mata hanci. Yau ko shinkafa ta ƙone mata, sai maƙwabta sun yi magana.

Wata safiya Pak Darmansyah, shugaban sashenmu, ya kawo garin gwaji da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba. A kasko bai kumbura ba. A kwalba kuwa, washegari, ya tashi fiye da yadda kwal ɗin ramin da muke haƙa ya saba.

Ta ce, "Pak, wannan an riga an gasa shi kafin ya zo min. An kashe masa kumburi."

Ya yi dariya. "Haba Bu, hancin da ba ya jin wari ne zai gano wuta? Sa hannu, jirgin dakon kwal na jira."

"Hancin ya mutu, Pak, idon na nan. Kawo na cikin jirgin in gwada."

"Ke da rularki ta 'yan firamare!"

Ba ta sa ba. Aka kore ta zuwa filin tara kwal tana share ƙura, mu kuwa muka yi gum, har da ni. Wani ya sa hannun. Kwal ya tafi, bangon tanda ya tsage, mutum biyu suka ƙone, ɗaya bai tashi ba. Da masu bincike suka zo, littafin awonta ne ya tona komai. Duk da haka sai da ta shekara biyu da tsintsiya kafin a mayar da ita.

Bu Rusmiati, ke ce mutum ɗaya da ta tsaya ranar da maza goma muka sunkuyar da kai. Mun gode, kuma ki yafe mana. Ku da kuka gaji kujerarta, abin da rula ta nuna shi za ku rubuta, ko waye a tsaye a kanku.

Pak Darmansyah kuwa, kotu ta ɗaure shi shekara shida.