Tabarmar Gwaggo a Zauren Baba

Gwaggona ita ce ƴar fari a gidan kakanmu, mai garin wani ƙauye kusa da Gazawa. Danginmu rabe suke, wasu nan Nijar, wasu ƙetaren iyaka cikin Najeriya, amma duk gida ɗaya suke bi. Da kakan ya rasu, ƙanenta aka naɗa, wato babana.

Shekarar da na fara koyarwa a lakol, wato makarantar boko, na zo gida hutu. Muna zaune tsakar gida da hantsi, ni da Gwaggo muna ɓarar gujiya, Baba na gefe da rediyonsa. Sai aka ce a rediyon wasu ƙasashe da suka haɗa sarauniya ɗaya sun shirya gyara dokar gadon sarauta: ɗan fari shi zai gada, mace ko namiji, amma sai kowace ƙasa ta amince.

Baba ya rage murya ya dube ta. "Yaya, kin ji? Da can aka haife mu, da rawanin nan naki ne."

Ta yi dariya. "Wa ya ce maka ina son abin da zai sa ni ciwon kai?"

Ta ci gaba da ɓara. Can ta ce, "Amma ranar naɗinka na yi kuka a ɗaki. Ba don rawani ba. An tambayi kowa, har baƙi, ni kaɗai ba a tambaya ba."

Baba ya ajiye rediyon. Ya jawo ƙwaryar gujiyar ya taya mu ɓara.

Bayan girbin kaka, Baba ya ce daga yanzu ba za a yanke maganar gari ba sai Gwaggo na zaure. Dattawan nan sun yarda da wuri, don sun san ta. Na ƙetaren iyaka kuwa suka ce ba a taɓa yi ba. Baba ya hau babur ya bi su gida-gida, wasu ma sai da ya koma.

Ranar taron farko ni na ɗauko mata tabarma. A bakin zaure ta tsaya ta gyara mayafi. Baba ya miƙe tsaye, sauran ma suka miƙe.

Maganar burtalin shanu aka yi ranar. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta faɗi inda iyakar burtalin take tun zamanin kakanmu. Haka ta riƙa zama wurin har shekarar da ƙafa ta hana ta fita, sai taron ya koma ƙofar ɗakinta.