Ranar da Na Tuƙa Baba Zuwa Daudawa

Yanzu na kai shekarun da nake kiran wannan jika da sunan wancan, in ajiye tabarau in yi ta nema alhali yana goshina. Amma akwai rana ɗaya da mantuwa ba ta taɓa kusantarta ba, kuma ba na jin za ta kusance ta har in koma ga Allah, ita ce ranar da na tuƙa mahaifinmu zuwa Daudawa a motar Yayana, alhali ban iya tuƙi ba.

A lokacin kuɗin mai ya fara shigowa ƙasar nan, abubuwa suna ta sauyawa. Ni tela ne a kasuwar Ƙanƙara, sai dai abin da raina yake so shi ne zane. Duk kwalin da aka kawo yadi a ciki sai na zane bayansa. Yayana kuwa direba ne. Ya daɗe yana tuƙa motar wani Alhaji, sannan Allah ya hore masa tasa, wata tsohuwar gingimari mai bodin katako, yana ɗaukar hatsi tsakanin Sabuwa da Faskari da garinmu. Ranar da ya kawo ta gida ya buga ƙyauren bayanta da tafin hannu ya ce da ni, "Ga allo na kawo maka. Ka daina ɓata kwalaye, ka yi mani abin da duk wanda ya biyo ni a hanya zai san ɗan gidan mutunci ne a gaba."

Na yi kwanaki ina tunanin abin da zan zana, daga ƙarshe na tsaya a kan gonar Baba. Mu asalinmu 'yan Daudawa ne. Can Baba ya yi noma tun yana saurayi, yana da gonar auduga mai tsamiya a tsakiya, da bijimai biyu na huɗa, ja da fari. Shekarun farin da aka yi ne suka tilasta masa sayar da su, ga idanunsa sun fara yana, sai muka matsa masa ya dawo Ƙanƙara kusa da mu, ya bar gonar a hannun ƙanensa, Baffanmu. Tun da ya dawo bai sake taka Daudawa ba, kuma ba ya zancenta.

Fentina bai wuce gwangwani kaɗan ba, ja da fari da baƙi da shuɗi da ruwan ɗorawa. A gwangwanin madara nake haɗa launi, in wanke burushi da kananzir. Idan na tuna wannan yanzu dariya nake yi, don bayan na ajiye ɗinki 'yata ta saya mini kwamfutar hannu mai alƙalamin roba, ta saka mini manhajar zane, ta kuma jefa ni cikin wani zauren masu sha'awar zane a waya. Launukan da ke cikin abin nan ko tsuntsaye ba su san da su ba. Ina jin daɗinsa, ba zan ɓoye ba, musamman wurin da ake taɓawa kuskure ya goge kamar ba a yi ba. Amma yana da nasa ban haushin. Kana tsakiyar aiki talla ta faɗo maka a fuska. Ka gama zane ka ce ta haɗa haske da inuwa ta fitar maka da hoton, sai ta yi ta juya wata 'yar ƙawanya tana zafi a hannunka, kafin ta gama caji ya ƙare, ga shi an ɗauke wuta. Yaran zauren kullum musu suke yi kan wace manhaja ta fi wace. Ni dai ra'ayina, duk inuwarsu santsi gare ta kamar an shafa wa hoton mai. Ƙasar gona ba ta da wannan santsin. A jikin katakon Yaya kuwa, layin itacen da kansa ya ba ni kunyoyin gona ba tare da na wahala ba.

Da na gama, Yaya ya juyo da bayan motar ƙofar gida da hantsi, don a lokacin idon Baba ba ya aiki sai rana ta take sosai. Aka riƙo hannunsa ya fito. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa katakon, yana bin zanen a hankali daga gefe zuwa gefe. Da ya iso kan bijiman sai ya tsaya. 

"Wa ya ce maka ƙahon jan nan duka sama suka yi?" in ji shi. "Na hagu ya kwanta, tun shina ɗan maraƙi."

Yaya ya ce, "A'a Baba, na dama ne. Ni nike riƙe mashi igiya, na sani."

"Kai da kake gudu ka bar garma in ka ji ƙarar mota, kai za ka gaya mani?"

Suka yi ta yi, Inna tana daga zaure tana dariya. Mun daɗe ba mu ji muryar Baba ta ɗaga haka ba. Can sai ya ɗora hannu kan tsamiyar da na zana, ya ce, "Ku kai ni in gan ta."

Yaya ya sosa ƙeya ya ce gobe akwai lodin masara da ke jiransa a Sabuwa, ga hanya duk damina ta cinye ta, a bari a ɗan kwana biyu. Baba ya ce, "To," ya koma ciki. Washegari da muka fito daga masallaci muka tarar da shi zaune a kan benci kusa da motar, sanye da rigarsa ta Juma'a, sandarsa a tsakanin gwiwoyinsa. Bai kalle mu ba. Inna ta ja Yaya gefe ta ce, "Bai ce ku yi ba, bai ce ku bari ba. Amma ni na san abin da ya rage mashi a idon nan." Yaya ya aika wa mai masara cewa ya nemi wata motar, ya ce da ni, "Rufe shago, mu tahi."

Hanyar ba ta da daɗi. Ƙarshen damina ne, ramuka sun cika da taɓo, muna tafe muna rangaji. Baba yana bakin taga yana shaƙar iska, yana faɗa mana gonar da muke wucewa dawa ce ko gero, kuma yawanci yana dacewa. Muka iso Sheme wajen azahar, muka yi salla, muka sha fura. Da muka zo tashi motar ta ƙi, batir ya yi sanyi. Yaya ya ɗauko handul, wato ƙarfen da ake zurawa ta gaba a murɗa inji da hannu. Ya murɗa, ya sake murɗawa, injin ya kama, ƙarfen kuma ya dawo da ƙarfi ya doke shi a wuyan hannun dama. Na ga Yaya ya durƙusa yana salati, hannun yana kumbura a kan idona.

Aka kira maɗori ya duba ya ce tsagewa ce, ya ɗaure da karare. Muka nemi direban da zai ƙarasa da mu, duk sun tafi cin kasuwa. Yaya yana gumi ya ce, "Baba, sai haƙuri. Mu kwana nan, in an samu direba gobe mu koma gida, in na warke mu sake zuwa."

Baba ya ce, "To." Irin wannan "to" ɗin na jiya. Na ga ya ɗaga fuska sama yana neman inda rana take, sannan ya sunkuyar da kai. Ban san sa'ad da bakina ya ce, "Ni zan tuƙa," ba.

Iyakar abin da na taɓa yi shi ne in matsar da motar gaba kaɗan ko baya kaɗan a ƙofar gida. Yaya ya dube ni, ya dubi motar da ya yi shekaru yana mafarkin samu, ya dubi Baba. Ya ce, "In ka kashe mu, Inna ba za ta yahe maka ba. Hau."

Haka muka jeru, ni a sitiyari, Yaya a tsakiya, Baba a taga. Muka raba aikin, ni in taka kuloci, shi ya miƙo hannun hagu ya sa giya. Matsalar farko ƙafata ce. Ƙafar da ta saba da keken ɗinki ba ta san a taka abu a riƙe ba, sai ta yi ta lilo a kan totur, motar tana zabura tana tsayawa kamar akuyar da ake ja kasuwa.

"Wanga ba keken ɗinki ba ne!" in ji Yaya. "Taka ka bar ƙahwarka wuri guda!"

Matsala ta biyu, motar tun ta zamanin da ake tuƙi ta ɗaya hannun ce, sitiyarinta a dama yake, ga shi an riga an sauya hannu. Idan muka cim ma amalanke ko masu jakuna, ni ba na hango abin da ke tahowa, wanda ke zaune a gefen da ake gani shi ne Baba. Sai ya sa kunne ta taga ya ce, "Dakata, akwai wata na tahe." Mu dakata, sai ga ta kuwa ta wuce fuu. In ta wuce ya ce, "To, bismilla." Masu sababbin ƙananan motoci, waɗanda kuɗi ya zo musu kafin haƙuri, suka yi ta danna mana hon suna zagi ta taga. Har yau in ina tuƙi wani ya matsa mini da hon a baya, ba na jin haushi kamar yadda 'ya'yana suke ji, don na sha wanda ya fi shi tun ranar farko.

Bayan mun sauka daga babbar hanya akwai wani rafi da ake bi ta cikinsa, da hawa a ɗaya gefen. Na shiga lafiya, na fara hawa, sai na saki kuloci da garaje. Motar ta yi tari ta mutu, ta fara komawa baya. Yaya yana ihun "Birki! Birki!" ni kuma na rasa wanne ne birkin a cikin ukun. Na taka na tsakiya da ƙafa biyu, na miƙe tsaye a kansa. Ta tsaya, tayoyin baya a cikin ruwa. Na ce ni na gama, ba zan iya ba. Baba ya miƙo hannu ta bayan Yaya ya dafa kafaɗata.

"Ranar da na hwara riƙe garma sai da ta kada ni sau nawa," in ji shi. "Ja numfashi. Ina jin ƙamshin garinmu, mun kusa."

Wasu mutane da ke dawowa daga gona suka zo, ɗaya ya murɗa handul, sauran suka tura, muka haye.

Mun isa ana kiran la'asar, rana ta karkata amma da sauran ƙarfinta. Ban tsaya cikin gari ba, Yaya ya nuna mini hanya har bakin gonar. Audugar ta buɗe, fari fat daga nan har tsamiya. Muka sauko da Baba. Ya tsaya yana ƙifta ido, ya sa hannu ya kare goshinsa.

"Ina ganin hwarin," ya ce a hankali. "Wallahi ina gani."

Ya miƙo mini sandarsa ya shiga tsakanin kunyoyi shi kaɗai, yana shafa audugar da hannu biyu, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ni da Yaya muka tsaya a baya, kowa yana kallon wani gefen don kada ɗan'uwansa ya ga fuskarsa. Baffa ya ji labari ya taho da gudu, hula a hannu, shi da Baba suka rungume juna a gindin tsamiya. Da aka natsu Yaya ya ja Baffa bayan mota ya ce ya raba gardama, ƙahon hagu ne ko na dama. Baffa ya duba ya ce, "Ku duka kun ruɗe. Ai ba jan ba ne, hwarin ne mai kwantaccen ƙaho." Baba ya yi dariya har sai da ya zauna a ƙasa.

Kafin damina ta zagayo idonsa ya rufe gaba ɗaya. Ya yi shekaru bayan nan, kuma duk baƙon da ya zo gaishe shi sai ya ba shi labari cewa abu na ƙarshe da ya gani da kyau a duniya audugarsa ce, kuma tela ne ya kai shi. Motar an sayar da ita daga baya, ba mu da ko hotonta. Hannun Yaya bai koma daidai ba, duk lokacin sanyi sai ya yi masa ciwo, mai masarar nan kuma bai sake ba shi lodi ba. Ban taɓa jin ya yi da-na-sani ba har ya rasu. Yau duk babu su, Baba da Inna da Baffa da Yaya, ni kaɗai na rage da zan ba da labarin, kuma wani lokaci ina tuƙi sai in ji kamar in juya in tambayi wani ko akwai mota tana tahowa.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, tsoho ba ya yawan roƙo, kuma in ya roƙa sau ɗaya aka ce ya bari sai gobe, ba zai maimaita ba. Duk wanda yake da irinsa a gida, in ya ce a kai shi wani wuri, a tashi a kai shi a ranar, ko da motar tsohuwa ce, ko da mai tuƙin bai iya ba.