Soron da Na Ba Akawu Haya

A shekarar da Turawan kamfani suka kafa sikelin gyaɗa a bakin kasuwar Tsanyawa, na sayi wani tsohon gida a gaban dagaci da shaidu biyu, don in zuba 'yan haya. In faɗi gaskiya, soron da ke cikinsa na saya. Zanen goshinsa ya daɗe da sace mini zuciya, ina raya wa kaina wata rana fatake za su tsayar da jakunansu su tambayi mai shi.

Na kira magini, wani dattijo mai kaifin baki. Ya shiga da sandarsa yana ƙwanƙwasa azarar rufin ɗaya bayan ɗaya, ya karkatar da kunne.

"Ɗan nan, gida ka saya ko ganga?"

"Baba, yaɓe kawai nake so a yi masa."

"Gara ta riga ka tarewa. Masu gidan na da kowace shekara ƙasa suke ƙara wa rufin nan, ba sa ragewa. Sai an kware shi, a sa sabuwar azara."

Aikin wata biyu ke nan, ga shi akawun sikeli ya riga ya ce yana son ɗakin cikin mako guda. Na sallami dattijon, na samo masu yaɓe, muka ƙara wa rufin wata ƙasar a kan ta da, aka shafe ciki da farar ƙasa. Ya yi kyau kamar ɗakin amarya.

Akawu ya tare da matarsa da jaririyarsu. Mutum ne mai fara'a, duk ranar kasuwa sai ya tsayar da ni mu gaisa. Wata rana ya ce, "Maigida, uwargida ta ce kullum sai ta kakkaɓe wani jan gari a shimfiɗar yarinya. Ko soron naka niƙa yake yi?"

Na yi dariya na ce halin sabon yaɓe ne. Na yi sauri na wuce, don na san aikin gara ne.

Rani ya wuce, bazara ta shigo da zafinta. Na haɗu da maginin a rumfar mahauta, bai ko amsa gaisuwata ba.

"Busasshiyar ƙasa ba ta da nauyi," in ji shi. "Bari ta sha ruwa."

Ran da hadarin farko ya haɗo daga gabas, da la'asar ne, ina gona. Kowa na murna yana neman iri, ni kuwa yarinyar nan nake gani kwance, ƙasar shekaru a saman kanta. Na yar da fartanya na sheƙa gidan hayar. Na iske akawu a zaure, yayyafi ya soma.

"Malam, ku fito da yarinyar. Azarar ɗakin nan a ciye take."

Ya juyo ya dube ni. "Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin ku shiga."

Bai zage ni ba. Ya shiga ya sungumo 'yarsa, matar na biye da shi da tabarma a ka, suka wuce ni zuwa gidan maƙwabta ba wanda ya waiwaya. Na tsaya ni kaɗai a tsakar gida, ruwa na zuba daga indararo ja wur. Can daga cikin ɗakin na ji azara ta farko ta yi ƙara, kamar an taka busasshen kara.